Kaset-Kaset Ɗin Gwaggo: Ashe Abin Da Turawan Nan Ke Faɗi Ke Nan

A wannan mako ina so in ba ku labarin wani abu da ya faru da ni a hutun makaranta da ya wuce, sa'ad da na je gaida Gwaggona a Araba, can ƙasar Illela, dab da iyakarmu da Nijar. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba, ko na kyauta ko ban kyauta ba, shi ya sa na ga gara in kawo maganar gabanku.

Damina ce ta yi wa ɗakin Gwaggo ɓarna, rufi ya yi yoyo, sai ta sa ni da wata jikarta muka fito da kaya tsakar gida don su sha iska. A can ƙasan wata tsohuwar adaka, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa, muka tarar da wani ƙunshi cikin ɗankwali. Da muka kwance sai ga kaset-kaset, na ƙirga su guda 23. Jikar nan tata, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, ta ɗauki ɗaya tana jujjuya shi, can sai ta tambaye ni ta ina ake sa masa caji. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

To, saboda irin wannan yarinya bari in yi wa 'yan makaranta ɗan bayani, iyaye kuwa ku yi mini haƙuri. Kaset wani ɗan akwati ne na roba kamar tafin hannu, a cikinsa akwai siririn zare mai launin ƙasa-ƙasa a nannaɗe, a jikin zaren nan ne murya take. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963. Ana sa shi a rakoda, in fuska ɗaya ta ƙare a juya ɗayar. Wanda aka rubuta wa 60 yana cin minti 30 kowace fuska, mai 90 kuwa minti 45. Da yake batir tsada gare shi, ba a yarda a ɓata shi wajen mayar da waƙa baya, sai a zura biro a ramin kaset ɗin a yi ta juyawa da hannu. In rakoda ta tauna zaren a jawo shi a hankali, in ya tsinke a liƙe da jan farce. Duk matar da ta yi wancan zamani ta san wannan aiki kamar yadda ta san tankaɗe.

Mafi yawan kaset-kaset ɗin na gida ne, watau su Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Coge, sai waƙoƙin Indiya, sai na wa'azi. Guda 7 ne kawai na Turawa. Na faɗi haka ne don kada wata ta zaci iyayenmu sun watsar da nasu sun rungumi na wasu. Kalangu bai taɓa rasa wurinsa a gidan biki ba, na Turawan nan ƙari ne, kamar yaji a gefen kwano. Amma su ne Gwaggo ta ɗaure daban da tsumma, kuma da ta gan su sai dariyar ta tsaya.

Marigayi mai gidanta, wanda muke kira Baba Direba, ya yi shekaru yana jan Fijo tsakanin Sakkwato da Illela da Birnin Ƙonni. Zamanin kuɗin man fetur ne, bayan ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975, lokacin da rediyo mai kaset ya zama burin kowane saurayi. Kaya na zuwa daga Legas da Kano, wasu kuma su taso daga Kwatano su ratsa Nijar su faɗo Ƙonni, direbobi su ne masu kai da kawo. Kaset-kaset ɗin kusan duk kwafi ne, wani ko hoto babu, sai sunan da mai shago ya rubuta da biro yadda kunnensa ya jiye masa. Ban da wannan, mutumin bakin iyaka kunne biyu gare shi. In ya murɗa rediyo nan ya kama Rima ta Sakkwato ko Kaduna, in ya murɗa can ya kama Muryar Sahel ta Yamai, daga 1981 kuma ga tashar Afirka Lamba Ɗaya daga Gabon mai yawan kiɗa. Gwaggo tana cikin kulle tun aurenta a 1979, ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, amma rakoda ba ta neman izini, har ƙuryar ɗaki take shiga. Ta haka muryar wata mata a Amurka ta iso kunnen wata mata a Araba tana sussukar gero.

Da yamma ta yi sai Gwaggo ta ce mini, "Ke Malama, ba an ce kin iya Turanci ba? To ki zauna ki hwaɗa min mi mutanen ga ka cewa. Shekara arba'in ina saurarensu, ban taɓa samun wanda na tambaya ba." Na ce, "Gwaggo, shi Baba fa?" Ta ce, "Shi ma Turancin nashi na kwastan ne, bai wuce gaisuwa da ba da haƙuri ba."

Washegari na shiga kasuwar Illela na yi ta cigiya, da ƙyar na sami wani dattijo mai gyaran rediyo yana da wata tsohuwar rakoda ƙirar National a ƙarƙashin tebur. Ya canja mata roba, ya goge mata kai da auduga, ya ba ni aro bisa alkawarin zan dawo in faɗa masa wa ke da irin waɗannan kaset har yanzu. Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma, ni da Gwaggo da jikoki da kuma abokiyar zamanta. Tun rasuwar Baba su biyun ba su rabu ba, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Ta haura shekara 50, amma har gobe Amarya Gwaggo ke kiranta, mu kuwa mu ce Inna.

Gwaggo ta ce, "Fara sa na Abba." Na duba na ga an rubuta ABBA. Ashe duk shekarun nan ita a zatonta Abba wani Babarbare ne da ya tafi Turai ya tara mata suna yi masa amshi. Na ce mata mutum huɗu ne 'yan ƙasar Suwidin, maza biyu mata biyu, harafin farko na sunan kowannensu aka haɗa ya ba da ABBA. Sun yi suna ne a 1974 sa'ad da suka ci gasar waƙa ta ƙasashen Turai da aka yi a Ingila, kuma ma'aurata ne, kowane namiji da matarsa a cikin ƙungiyar. Waƙar da Gwaggo ta fi so a kaset ɗin wata mai sanyi ce, sunanta The Winner Takes It All, ta 1980. Ita ta ɗauka waƙar lallashin yaro ce. Alhali kuwa kukan mace ce wadda aurenta ya mutu, tana ganin mijin ya koma wa wata. Abin da ya ƙara wa zancen nauyi shi ne, wadda ta rera ta, Agnetha, aurenta da Bjorn ya mutu a daidai wannan lokaci, kuma shi Bjorn ɗin ne ya rubuta baitocin ya miƙa mata. Ɗaya auren ma ya mutu a 1981, a 1982 kuma ƙungiyar ta daina aiki tare, ba su sake fitar da sabon kundi ba sai a 2021.

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ya sake ta, sa'an nan ya ba ta waƙar sakin ta rera, ya tsaya yana kaɗa mata? Kai, namiji ko'ina namiji ne."

Na biyu shi ne wanda suke kira Boniyam, watau Boney M. Wannan kam ko jikokin sai da suka miƙe. Gwaggo ta ce ai waɗannan ba Turawa ba ne, ta taɓa ganin hotonsu, baƙaƙe ne kamarmu. Gaskiyarta. Mata uku ne da namiji ɗaya daga tsibiran Karibiyan, biyu daga cikin matan 'yan Jamaika, amma wani Bajamushe mai suna Frank Farian ne ya haɗa su a Jamus ta Yamma. Abin mamaki, namijin nan mai tsalle-tsalle da kowa ya sani, ba muryarsa ce a faifan ba. Shi Bajamushen ne ke yin muryar namiji a ɗakin ɗaukar murya, wancan kuma ya fito gaban jama'a da rawa. A cikin matan ma biyu ne ake jin muryarsu a faifai. Waƙarsu Rivers of Babylon ta 1978, wadda aka yi ta takawa a gidajen biki, kalmominta daga Zabura aka ɗauko su, kukan Bani Isra'ila ne sa'ad da aka kwashe su bauta zuwa Babila suna tuna gida. Kun ji abin da aka yi wa rawa. Wadda ta fi burge ni ita ce abokiyar fitowarta, Brown Girl in the Ring. Asalinta waƙar wasan yara ce a can tsibiran, a yi da'ira ana tafi, a sa yarinya ɗaya a tsakiya ta nuna rawarta. Da na bayyana haka sai Gwaggo ta ce, "To ai gaɗa ke nan." Ban sami abin da zan ƙara mata ba.

Sai muka zo kan Maikel Jakson. Kiɗan na tashi Inna ta gyara zama, ta ce wannan ba za ta manta da shi ba, shi yaran motar Baba suka yi ta sawa a ƙofar gida ranar sunan ɗanta na fari a 1987, tun hantsi har batir ya mutu aka sayo wani. Waƙar kuwa ita ce Billie Jean, daga kundin Thriller na 1982, wanda ake cewa ba a taɓa sayar da wani kundin waƙa kamarsa ba a duniya. Na yi ta kame-kame, Inna ta ce in faɗi mana. Na ce, "Inna, wani mutum ne ke ta rantse-rantse cewa ɗan da wata mace ta jingina masa ba nasa ba ne." Inna ta dafe ƙirji ta ce, "A sunan ɗana?" Gwaggo kuwa dariya har tana faɗuwa a kan tabarma. Da ta sami numfashi ta ce, "Kwantar da hankalinki Amarya, yaro ai ko kunnensa na ubansa ne."

A nan zan ɗan tsaya da ku 'yan makaranta. Su Gwaggo suna da hanzari, ba a sa su boko ba, ko da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ita an riga an fara zancen aurenta. Ku fa? Kwanaki na ji wata ɗalibata 'yar aji biyar tana shara tana rera wata waƙar waya, kalmomin da ke fita daga bakinta ko a gaban ƙawata ba zan iya maimaita su ba. Na kira ta na tambaye ta ma'anarsu, ba ta sani ba. Turancin da muke shan wahalar koya muku amfaninsa ke nan, ki tsaya ki ji me ake cewa kafin ki ɗora a harshenki, in kalma ta shige miki duhu ga ƙamus, ga malamarki. Ni ban ce duk waƙar waje ɓarna ce ba, kuma ban ce ta da duk tsarkakakkiya ce ba, kun dai ji ta ranar suna.

Akwai wadda ta sa muka yi tsit, We Are the World. Gwaggo ta gane ta tun daga farko, ta ce wannan ta shekarar wahala ce. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa ta kuma canja launin takardun kuɗi, ga fari ya cinye amfanin gona daga nan har cikin Nijar. Motar Baba ta yi ta zama a ƙofar gida, mutanen ƙetare kuwa suna ratso daji da ƙafa neman abin kai wa baka. Ba a buɗe iyakar ba sai a 1986. Mu da muka ga rufewar 2019 zuwa 2020, da ta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mun ɗan ɗanɗana, mun san yadda kasuwar Illela ke komawa in an sa shinge. Na gaya mata cewa waƙar nan Maikel Jakson da Lionel Richie suka rubuta, manyan mawaƙan Amurka suka taru suka rera ta a 1985 don tara wa masu fama da yunwa a Afirka taimako, musamman Habasha, aka kuma tara fiye da dala miliyan 60. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Ashe da mu suke. To mu dai ba mu ga ko tiya ba, amma Allah ya saka musu."

Ta tambaye ni ko mutanen nan suna nan da rai. Na ce Maikel Jakson ya rasu a 2009, mai rawar Boniyam a 2010, Bajamushen nasu a 2024. Don Williams, mai muryar nan mai kauri da direbobi ke so a tafiyar dare, a 2017. Jim Reeves kuwa, wanda Baba ya fi ƙauna, tun a 1964 ya mutu a haɗarin jirgin sama, watau ko da Baba ya fara jin muryarsa mutumin ya daɗe a ƙasa. Gwaggo ta ce, "Allahu akbar. Duk sun tafi sun bar mu da robobi."

Saura kaset ɗaya. Shi ne ya fi kowanne tsufa, takardar jikinsa ta goge, zaren kuwa na ga gurbin jan farce har wuri uku. Gwaggo ta karɓe shi daga hannuna ta sa da kanta. Wani kiɗan jita mai sauri ya taso, sai muryar mace siririya tana kiran wani suna, tana sake kira, kamar mai neman wanda ya ɓace. Na gane ta nan take, Dolly Parton ce, waƙarta Jolene ta 1973. Su Gwaggo Jolin suke cewa.

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Wagga kam ba sai kin hwaɗa min ba, na san ta. Ɗiyarta ce ta rasu take kiranta."

'Yan'uwa, sai na ji jikina ya yi sanyi, domin na san labarin da ba a faɗi a gidan. Gwaggo ta haifi 'yarta ta fari a 1981, ƙyanda ta ɗauke ta a shekarar farin nan tana da shekara uku. Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya yi kuka ma sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Yarinyar nan har ta koma ga Mahaliccinta Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanta da bakinta ba. Da ta rasu kuma, ga kunya ga haƙurin da ake ta ba ta, ba ta sami sararin kuka ba. Ta gaya mana a daren nan, ita da ba ta taɓa ɗaga zancen ba, cewa in kowa ya yi barci sai ta rage muryar rakoda ta kara a kunne, matar nan ta yi ta kiran sunan 'yarta, ita kuma tana bi a zuci da sunan tata. Ta ce, "Ita Baturiya ba ta da kunyar ɗan fari, sai na bar ta tana kira mana mu biyu."

Ni kuwa na san abin da waƙar ke cewa. Matar aure ce take roƙon wata kyakkyawar mace, mai suna Jolin, da ta yi wa Allah ta ƙyale mata mijinta. Tana yaba kyan matar, tana faɗin cewa ta san ba za ta iya karawa da ita ba, har ma mijin yana ambatarta cikin barci. Waƙar kishi ce tsantsa, daga farko har ƙarshe babu yaro a ciki. Ga kuma Inna zaune a gefe, wadda aka kawo gidan a 1986 da iyaka ta buɗe kuɗi suka dawo hannun Baba.

Na so in ce, "Haka ne Gwaggo," a wuce wurin. Wallahi na so. Amma jikar nan mai tambayar caji ta riga ta tsinci kalma biyu uku, ta ce, "Anti, ba miji na ji tana cewa ba?" Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Malama, ban aike ki ki yi min ƙarya ba." Sai na faɗa mata, a taƙaice, ina duban tabarma.

Ba wanda ya yi magana har waƙar ta ƙare wata ta shiga. Inna ce ta fara motsi, ta ce a hankali, "Yaya, ashe da ni take." Gwaggo ta ce, "Ke rufa mana baki, ke a wa? Lokacin da nake jin ta ko tallar fura ba ki daina ba." Suka ɗan yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Sa'an nan Gwaggo ta tambaye ni, in ita Jolin ɗin ta ƙi fa, sai a kawo ta gidan? Na ce a'a, dokar ƙasarsu ba ta yarda da mace biyu ba, in zai auri waccan sai ya rabu da wannan. Ta jinjina kai ta ce, "Shi ya sa take roƙo. Ita in an yi mata, ɗakin ma ba ta da shi." Ta ƙara da cewa ita dai da aka yi mata amarya ba ta roƙi kowa ba, kwana uku ta yi ba ta ci tuwo ba, ran na huɗu ta ga yunwa ba ta san kishi ba. Hausawa sun ce kishi kumallon mata, ga shi kuwa har a tsaunukan Amurka.

Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Kin ƙwace min waƙata." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Daren nan ban yi barci ba. Na ɗauki waya na yi ta karanta labarin matar nan, ko zan sami abin da zan riƙa in koma wa Gwaggo da shi. An haifi Dolly Parton a 1946 a jihar Tenesi, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, a gida mai ɗaki ɗaya. Mahaifinta manomi ne, bai iya karatu ba, saboda shi ne ma ta kafa wani shiri a 1995 na aika wa ƙananan yara littattafai kyauta. Ta yi aure a 1966, ta zauna da mijin nan ɗaya har ya rasu a 2025, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta sha faɗi cewa wata ma'aikaciyar banki ce mai yawan yi wa mijinta fara'a ta sa ta rubuta waƙar. Amma sunan Jolin ba na ma'aikaciyar ba ne. Wata ƙaramar yarinya ce ta zo wurinta bayan wasa tana so ta sa mata hannu a takarda, ta tambaye ta sunanta, yarinyar ta faɗa, sunan ya yi mata daɗi ta riƙe shi a ranta har ta sa shi a waƙa.

Da asuba bayan ta idar da salla na shiga na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, sunan nan fa na wata 'yar yarinya ne." Na ba ta labarin kamar yadda na karanta, ban ƙara ba ban rage ba. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Shekararta nawa?" Na ce ƙarama ce dai, ba ta isa aure ba. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ba.

Da hantsi na juya kaset ɗin na sa musu wata waƙar matar da ke ɗaya fuskar, Coat of Many Colors ta 1971. Wannan labarin kanta ne tana yarinya. Sanyi ya shigo ba ta da rigar sanyi, uwarta ta tattara ƙyallayen da aka ba su sadaka ta ɗinka mata riga mai launi-launi, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusufu da rigarsa. Ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya. Wannan kam ba ta sha wuyar fassara ba, domin Inna ta ce ita ma da guntayen atamfa na wurin tela ta yi wa 'ya'yanta kayan salla shekara biyu a jere. Suka shiga lissafin wace shekara ce, wa ya haifi wa, nawa ake sayar da tiyar gero. Na lura ko sau ɗaya ba su yi zancen Turai ba. Kowace waƙa ta tashi, abin da ke biyo ta shi ne ƙarar Fijo a ƙofar gida, da tsarabar Ƙonni, da wance da ta rasu, da wane da ya tafi Kurmi bai dawo ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma baran da suke tunawa har da yunwa da ƙyanda a cikinta, kuma duk da haka ba su so a kashe rakodar.

Ni ma ina da tawa, kada ku ce na tsame kaina. An haife ni a 1997, shekarar da fim ɗin Titanic ya fito, waƙarsa ta Selin Diyon kuwa ita ce ƙarar wayar yayata ta farko. Yayar tawa tana aure a Tawa yanzu, sai mu yi shekara ba mu haɗu ba, in na ji waƙar a shagon masu caji sai na waiga.

Ranar da zan koma bakin aiki dole in mayar wa dattijon nan rakodarsa. Zaren kaset-kaset ɗin ma ya gaji, wasu muryar ta fara ja kamar mai jin barci. Na ce wa Gwaggo zan kai wa masu tura waƙa a waya su nemo mata waɗannan duka su zuba a memori, ta riƙa ji a ƙaramar rediyonta. Na ɗauko takarda na ce ta faɗi waɗanda take so. Ta ce a sa Shata da Ɗanƙwairo tukuna. A sa Abba, ko da ba Babarbare ba ne. A sa ta gaɗa, a sa ta mai rigar ƙyalle. Inna ta leƙo daga madafa ta ce ban da ta ranar suna. Na rubuta, na tsaya ina jira, biro a hannu. Gwaggo tana ta ƙulle kaset-kaset ɗinta cikin ɗankwali, sai da ta gama ɗaurin tsaf sa'an nan ta ce, "Ki sa Jolin. Amma ki ce su sa ta can ƙarshe, bayan kowa ya yi barci nake isa wurin."